Shin ana iya amfani da ganyen zaƙami don asma?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Mahaifina yana fama da asma, kuma hayaƙin motocin Legas da laimar damina suna tayar masa da ita. Wani maƙwabci ya ce a busar da ganyen zaƙami, wanda Yarbawa ke kira gegemu, a riƙa yi masa hayaƙi yana shaƙa. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsiron kafin mu gwada.

Mai harhaɗa magunguna, Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Maganar maƙwabcinku tana da tushe, domin ko a Turai an daɗe ana sayar da sigarin ganyen zaƙami ga masu asma kafin a samu inhela, wato 'yar na'urar shaƙar maganin asma. Tsiron dangin tumatir da gauta da taba ne, kuma yana ɗauke da sinadaran atirofin da hayosin, waɗanda ke sassauta hanyoyin numfashi. Har yau ana yin allurar atirofin a asibiti ga wanda ya sha maganin ƙwari ko wanda bugun zuciyarsa ya yi ƙasa sosai, amma likita ne ke auna ta daidai da nauyin mutum da halin da yake ciki. A cikin ganye ba wanda zai iya wannan awo, saboda ƙarfin dafin yana bambanta daga tsiro zuwa tsiro, har daga ganye zuwa 'ya'ya, kuma tsakanin abin da ke buɗe ƙirji da abin da ke gusar da hankali tazarar kaɗan ce. Ga dattijo haɗarin ya fi yawa, domin yana iya riƙe masa fitsari, ya sa zuciyarsa gudu, ya kuma ƙara matsin ido ga mai gilakoma, wato ciwon hauhawar matsin ruwan ido. Ku kai shi a duba irin inhelar da yake amfani da ita.

Baba Mai Sassaƙe, Mile 12: Ɗana, sana'ar magani na gada, kuma iyayenmu ba su sa wa zaƙami suna haukata-yaro a banza ba. Ni ba na ba kowa shi ya sha ko ya shaƙa.

Hajiya Ummu, Obalende: Ina roƙon iyaye su kula da 'ya'yan zaƙami masu ƙaya da ke fitowa a juji da bayan gida, domin yara na fasa su, wasu samari kuma na zuba ƙwayoyin cikin zoɓo. A 2019 a Karamoja ta Uganda, garin abincin agaji da ya gauraya da ƙwayoyinsa ya kwantar da ɗaruruwan mutane, wasu suka rasu. Idan kun ga baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, jiki ya yi zafi babu gumi, mutum yana sambatu yana kama abin da babu shi, kada ku tsaya ba shi manja ko madara. Ku kira 112 ko ku garzaya asibiti da ragowar abin da ya sha.