Allurar ido ta dogon lokaci da yanar ido: abin da masana suka tsayar

Bakin likitocin ido ya zo ɗaya a kan cewa haɗarin samun yanar ido ya danganta ne da irin maganin da ake zubawa cikin ido da allura. Avastin, Lucentis da Eylea, waɗanda ake yi wa masu kumburin bayan ido saboda ciwon suga ko tsufa, ba kasafai su da kansu suke kawo yana ba. Abin gudu shi ne tsinin allura ya taɓa madubin ido, wato ɓangaren cikin ido da yana ke rufewa, domin rauninsa yana kawo ta. Shi ya sa ake soka ta milimita 3.5 zuwa 4 daga gefen baƙin ido, a nufi tsakiyar ƙwayar. Marar lafiya ya tsayar da dubansa wuri guda, kada ya motsa kai.

Magungunan sitiroyid kuwa labarinsu daban. Triamcinolone, Ozurdex da Iluvien suna sa yana ta tsiro a bayan madubin, kuma suna iya ɗaga matsin ido. A gwajin Iluvien, kusan mutum 8 cikin 10 masu madubinsu na asali sun kai ga tiyatar yana cikin shekara 3. Don haka an fi ba wanda aka riga aka cire wa yana.

Alamar wannan yana ta farko: fitilar mota da dare ta riƙa kashe maka ido, karatu a hasken rana ya gagara.

Kada a daina allura don tsoron yana. Ita ana cire ta, amma ganin da kumburin bayan ido ya cinye da wuya ya dawo. Kafin tiyata a gaya wa likita yawan allurar da aka yi, domin fatar bayan madubin tana iya samun rauni.