Masu sasanta ma'aurata, ya kuke da zuciyarku in faɗa ya kaure a gabanku?

Sabuwa a aikin: Salam 'yan uwa. Akwai ma'auratan da tun daga bakin ƙofa suke shigowa da faɗansu, miji na tsawa matar na tono laifin tun zamanin lefe, ni kuma ina tsakiya ƙirjina sai dukan uku-uku yake. Don Allah ya kuke yi?

Mai ba da shawara, Kaduna: Ni jikina ke fara sanar da ni, da na ga na damƙe biro wuyana ya ƙage to na san na fara ɗaukar zafi. John Gottman, masanin nan na Amurka da ya daɗe yana nazarin ma'aurata, ya ce in bugun zuciya ya haura 100 a minti mutum ba ya fahimtar abin da ake faɗa masa, kuma sai an ba shi aƙalla minti 20 kafin ya sauko. Kan ma'auratan ya yi maganar amma wallahi har mu ta shafa. Sai in ce kowa ya fita ya sha ruwa, ba sa sanin ni ma hutun nake nema.

Dattijo, Kano: 'Yata, alwala. In kina tsaye ki zauna, haka hadisi ya koyar. Sannan ki duba aya ta 35 a Suratun Nisa'i, mutum biyu aka ce a tura, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata. Ni rikici in ya yi ƙamari ba na zama ni kaɗai.

Wata daga Zariya: Baba gaskiya ne. Ni kam tsawa ba ta damuna, wanda ke tafasa min zuciya shi ne mai shirun nan, tana kuka yana latsa waya yana murmushin raini. A irin gidan na taso shi ya sa nake lura da kaina sosai, wa na fi kallo, wa na fi katsewa, don da zarar ɗaya ya ga kin karkata shikenan ba zai dawo ba. Duk ƙarshen wata ina zama da wata babba a aikin in amayar mata da abin da ke cina, ba tare da ambaton sunan kowa ba.

Mai ba da shawara, Kaduna: Ƙari ɗaya, in kika ji tsoro ya kama ki kar ki danne shi, wani lokacin alama ce akwai duka a gidan. Irin wannan ki daina haɗa su ɗaki ɗaya, ki fara ganin matar ita kaɗai.