Altanetar mota da farfelar iska: me ya sa ba ta ba da wuta?

Ɗan Gareji:
Assalamu alaikum. Na sayi tsohuwar altanetar mota, wato na'urar da ke caja batir idan injin mota yana aiki, a wurin 'yan gwangwan da nufin in haɗa mata farfela, domin iskar hunturu ta riƙa caja mini batir. Na gwada juya ta da hannu, na kuma juya ta da tayar keke da bel, amma mita ba ta nuna komai ba, alhali mai riwaya, wato mai gyaran wayoyin lantarkin mota, ya tabbatar mini cewa lafiyarta ƙalau. Mene ne dalili? Sannan wani ya ba ni shawarar in bar maganar iska, in sa moto, wato injin lantarki mai juyawa, mai aiki da batir ya riƙa juya altanetar, ita kuma tana mayar wa batirin caji, wato abin da ake kira janareta marar shan mai. Shin wannan mai yiwuwa ne?

Baba Mai Naɗi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Mai riwaya ya faɗa maka gaskiya. Abin da ke juyawa a cikin altaneta ba maganaɗisu ba ne na dindindin, kwayil ne, wato naɗaɗɗiyar waya, wanda sai an ba shi wuta daga batir yake zama maganaɗisu, kuma yakan ci kimanin amfiya 3 zuwa 4 a kan volt 12. Idan ba ka ba shi wannan wutar ba, ƙarfe kawai kake juyawa. Ko ka ba shi, akwai matsalar gudu, domin altaneta ba ta fara caji sai ta kai kusan juyi 1,000 a minti, shi ya sa fulinta, wato ƙarfen da bel ke bi ta kansa, ya fi na injin mota ƙanƙanta, don ta fi injin saurin juyi. Farfelar iska ta gida kuwa juyi 'yan ɗaruruwa take yi.

Abin da muke yi shi ne mu cire kwayil ɗin tsakiya, a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya gyara wurin, a manna maganaɗisun niyodimiyam da gam mai ƙarfi, ana jera fuskokinsu bi da bi, arewa, kudu, arewa, kudu. Yawancin altanetoci suna da ramukan waya 36 da fuskokin maganaɗisu 12, saboda haka ka kiyaye wannan adadi. Bayan haka sai a sake naɗin da ke cikin waɗannan ramuka da waya mafi siranta, a ninka yawan zagaye. Wutar za ta hau da wuri, amma siririyar waya tana saurin zafi kuma ba ta ɗaukar amfiya da yawa. Idan ka tarar an haɗa kwayil ukun da ke cikin ramukan a siffar dalta, wato kusurwa uku, ka mayar da su haɗin sita, wato a haɗa baki ɗaya na kowannensu wuri guda, volt zai ƙaru da kusan ninki 1.7 ba tare da ka sauya waya ko ɗaya ba. Ka kula da yatsunka, waɗannan maganaɗisu suna matse nama har jini ya fito.

Malamin Fiziks:
Malam, game da tambayarka ta biyu, amsar ita ce ba zai yiwu ba, kuma ina roƙonka kada ka kashe kuɗinka a kai. Tun daga 1831 da Michael Faraday ya nuna cewa motsa maganaɗisu kusa da waya yana haifar da wuta, abin da janareta ke yi bai sauya ba: yana juya ƙarfin motsi zuwa lantarki, ba ya ƙirƙirar ƙarfi. Da zarar ka ɗora masa kaya, juyinsa yana ƙara nauyi daidai gwargwadon wutar da kake ja. A ce motonka yana mayar da kashi 80 cikin 100 na abin da ya ci zuwa motsi, altanetar kuma kashi 55, to daga wat 100 da suka fita daga batir, wat 44 ne kawai za su dawo, sauran sun tafi a zafi da gogayya. Irin waɗannan na'urori da ake nunawa suna haska ƙwan fitila da gaske, amma cajin da ke cikin batirin suke ci har ya ƙare.

Injiniya Hajiya:
Ɗan'uwa, ina goyon bayan Baba, sai dai ina ganin aikin ya yi yawa ga mai farawa. Ka nemi moton da ya riga ya zo da maganaɗisu, kamar na cikin tayar keke mai lantarki, domin yana ba da wuta mai layi uku a juyi kaɗan, abin da zai rage maka shi ne diyod shida, wato ƙananan na'urori masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, da za su daidaita ta ta shiga batir. Kuma da zarar ka koma maganaɗisun dindindin, regiletar mota, wato na'urar da ke hana caji wuce kima, ba ta da sauran amfani, dole ka tanadi na'urar da za ta karkatar da rarar wuta zuwa wani kaya idan batir ya cika, in ba haka ba farfelar za ta yi gudun da zai karya ta. Kafin komai ka duba wurin da za ka kafa ta, domin idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfinta yana ninkawa sau takwas, kuma iskar da ke tsakanin gidaje da bishiyoyi ba ta kai ta fili ba.

Ɗan Gareji:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Baba, wace lambar waya kake ganin ta dace da sabon naɗin, kuma zagaye nawa zan yi a kowane rami?