Doka ta yarda a ce sai an biya kafin a taɓa wanda ya yi haɗari?

Uwar Biyu:
Salamu alaikum. Daren Juma'a Adaidaita Sahu ta kife da ƙanina, ƙafa ta karye, goshi ya tsage. Muka kwashe shi sai imajansi na wani asibitin gwamnati. Ko sannu ba a ce masa ba aka miƙo min takarda: kati, safar hannu, ledar ƙarin ruwa biyu, zaren ɗinki, hoton ƙashi. Wai in biya in kawo rasit. Mai karɓar kuɗi ya ce ba ya karɓar taransifa, mai POS na bakin get ya ce babu netwok. Yaro na kwance a benci, jini ya jiƙe masa riga. Sai da na bar wayata jingina wurin mai shayi ya ba ni kuɗi a hannu. Don Allah masu sani, haka dokar take?

Nas Mai Aikin Dare:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ba haka take ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ƙin duba mai buƙatar gaggawa bisa kowane dalili, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Amma ki zo ki buɗe kabad ɗinmu da dare. Wani sa'in ko auduga babu. Kantin maganin asibiti da kuɗin juyawa yake tafiya: a sayar, a sake saro wani. In aka bayar bashi, majinyaci ya sulale da asuba, gobe wani zai zo ya tarar da wayam. Sau nawa muke haɗa kuɗi daga aljihunmu mu sayo ruwa! Dokar ta ce a yi magani, ba ta ajiye mana zaren ɗinki a dirowa ba.

Ɗan Maradi:
Mu a Nijar tun 2006 aka ce kyauta ne duba yara 'yan ƙasa da shekara 5, haka tiyatar haihuwa. Sai gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, magani ya ƙare, a rubuta maka takarda ka tafi farmasi. Kyautar ta tsaya a ganin likita.

Malam na Fagge:
Baiwar Allah, wani karon ki nemi babban likitan da ke bakin aiki, kada ki tsaya da mai yankan kati. Manyan asibitoci kuma suna da ofishin taimakon marasa ƙarfi, sai dai da rana suke buɗewa. In a Kano kike ki bincika rajistar KSCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar.

Uwar Biyu:
Na gode. Malama nas, ban ga laifinku ba wallahi, amma ai ko tsumma a danne masa goshin kafin in dawo. An sa ranar aikin ƙafar Talata, sun ce mu zo da mutum biyu masu ba da jini.