Inda za ka fara da tsofaffin waƙoƙin The Kinks

Bayan doguwar hira da wasu masoyan The Kinks, ƙungiyar da 'yan'uwa biyu, Ray da Dave Davies, suka kafa a Landan, ga abin da na tsinta.

Bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: kada ka tsaya a "You Really Got Me" ta 1964 kawai, juya faifan ka ji abin da ke bayansa. A lokacin ƙaramin faifai waƙa biyu yake ɗauka, ta gaba rediyo ya yayata, ta baya kuwa sai mai haƙuri. A bayan wasu faifan nasu aka ɓoye "I Need You" ta 1965, da "I'm Not Like Everybody Else" ta 1966, wadda Ray ya rubuta amma Dave ya rera da muryarsa mai kaushi. Ni kam wannan ta fi shiga raina, har tsigar jikina take tashi.

An daɗe a kan batun sauti. Dave ya tsaga lasifikar ƙaramar amfilifayarsa da reza, shi ya sa jitarsa ke gurnani kamar tsohon inji. Masu tara faifai suka ce ka nemi bugun mono, wato mai fitar da sauti ta hanya guda, na kamfanin faifai na Pye, don a haka aka fara fitar da waƙoƙin, kuma ganga da jita sun fi dunƙulewa wuri guda.

Wani dattijo ya ƙara da cewa faifansu biyu na farko ba su yi kasuwa ba, amma a saurari na biyun, "You Still Want Me", a ji muryar Ray tun tana ɗanya.