Don Allah a taimaka, hatimin katin Sallah ya ƙi fita tsaf

Salamu alaikum 'yan uwa. A Garwa nake, duk shekara nakan yi katin barka da Sallah da hannu in raba wa ƙawaye da dangin maigida, to bana sai na ce bari in gwada bugawa da hatimi, zana guda 40 ɗaya bayan ɗaya ya ishe ni wallahi. Tsohon silifas na yanka da reza na sassaƙa jinjirin wata da tauraro, rubutun kuwa karon farko a juye ya fito, yara suka yi ta min dariya, na gane sai an sassaƙa shi baibai kamar a madubi. Wannan na gyara.

Tawada ce ta hana ni barci. Ta allo, wato gawayi da ƙaro, in na danna a kan takardar biristol sai ta malale gefe-gefe, tauraron ya koma kamar ɗigon miya. Na koma tampon irin na ofis, wato ɗan soson tawadar nan da ake danna hatimi a kai, shi kuma baki-baki ne ke kamawa, tsakiyar watan fari fat. Fentin guwash kuwa da zafin garin nan kafin in kai hannu takarda ya bushe a jikin robar.

Robar ce ba ta kwanta daidai ba sai na goge ta da sanfefa, ko takardar ce ta cika santsi? Akwai abin da ake ɗiga wa fenti ya daɗe bai bushe ba? Biristol biyar kacal suka rage min.