Shin da gaske Najeriya ba ta taɓa yin ɗan ƙwallo kamar Kanu ba?

Malam Bashir: Jama'a, ni dai ina nan kan bakana cewa Najeriya ba ta taɓa samun ɗan ƙwallon da ya kamo ƙafar Nwankwo Kanu ba. Yana ɗan shekara 18 ya ɗauki kofin zakarun Turai da Ajax a 1995, shekara na zagayowa kuma ya jagoranci tawagarmu ta ciyo zinare a gasar Olamfik ta Atlanta. Wanda ya kalli karawar kusa da ta ƙarshe da Brazil ba zai manta ba: ana cin mu 3 da 1, Ikpeba ya rage ɗaya, Kanu ya farke a daƙiƙar ƙarshe yana juye da baya ga raga, sannan ya ci ta huɗu a ƙarin lokaci.

Alhaji Isa: Malam Bashir, Allah ya gafarta malam, ba wanda zai musa wannan dare, amma dare ɗaya ba ya zama ma'aunin shekaru. Kanu ya halarci gasar cin kofin Afirka sau shida, daga 2000 zuwa 2010, bai ci ƙwallo ko ɗaya ana cikin wasa ba, kuma bai taɓa ɗaga kofin ba. A wasan ƙarshe da Kamaru a Legas a 2000, Okocha ne ya farke mana da wani bugu daga nesa aka koma 2 da 2, shi kuwa Kanu ya zubar da fenaretinsa a bugun raba gardama bayan wasan. Idan hidimar ƙasa ake magana, marigayi Rashidi Yekini mai ƙwallaye 37 da kofin Afirka na 1994 ya sha gabansa.

Hajiya Rabi: Alhaji, akwai abin da ka tsallake. Bayan Atlanta kaɗan, likitocin Inter Milan suka gano lalura a zuciyarsa, har aka yi masa tiyata a Amurka, mutane da yawa kuma suka ɗauka ƙwallo ta ƙare masa. Wannan mutumin ne ya dawo fili, kuma a 1999 sanye da rigar Arsenal, Chelsea na gaba da ci 2, ya zura uku cikin kusan kwata na awa, ta ƙarshen ma daga bakin layi bayan ya yanke gola. A shekarar aka sake ba shi gwarzon Afirka karo na biyu, abin da Okocha bai samu ko sau ɗaya ba duk da baiwarsa.

Alhaji Isa: Hajiya, jarumtarsa a kan cuta abin jinjina ce, amma ba ita muke aunawa ba. Ko a kakar 2004 da Arsenal ta kammala ba a doke ta ba, yawancin wasannin a benci ya yi su.

Malam Bashir: To, Alhaji, a Portsmouth fa wa ya ɗauko musu kofi? Shi ya ci West Brom a wasan kusa da na ƙarshe, shi kuma ya ci Cardiff ƙwallo ɗayar da ta ba su kofin FA a 2008, yana da shekara 31. Na yarda da kai a kan kofin Afirka, tabo ne a tarihinsa wanda ba zan iya gogewa ba. Sai dai ka kawo mini ɗan Najeriya ɗaya da ya haɗa kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17, da zinaren Olamfik, da kofin zakarun Turai, da firimiya biyu.